Digirin digirgir kan talauci da tallafin ƙasashen waje: ƙofofin da ke buɗe, da abin da ke kayar da masu nema

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da matasanmu da suka gama digiri na biyu a fannin tattalin arziki, nazarin zamantakewa, kimiyyar siyasa ko labarin ƙasa, suke kuma hangen digirin digirgir. Duk shekara da damina ta fara ja da baya, sai sanarwar guraben karatu ta cika WhatsApp, wannan ya tura wa wancan, a bi da "Allah ya ba mai rabo sa'a". Addu'a ta yi kyau, amma ba ƙuri'a ake jefawa wajen raba waɗannan guraben ba. Akwai abin da masu tantancewa suke dubawa, kuma takardu da yawa daga wajenmu tun a shafin farko suke faɗuwa, a kan kurakuran da da an sani da an gyara.

Mun keɓe batun talauci da tallafi ne saboda a gidanmu abin yake. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, irin wanda ake aunawa da ilimi, lafiya, ruwan sha, makamashin girki, aikin yi da tsaro, ba da kuɗin aljihu ba. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato abin ya kai kashi 91, a Ondo kuwa kashi 27. Amma idan ɗalibi ya buɗe abin da duniya take karantawa kan talaucin ƙasar Hausa, sunayen da zai fi cin karo da su na baƙi ne. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, daga baya ta yi aiki a Dorayi ta Kano. Michael Watts ya yi nazarin yunwa a Kaita. Christopher Udry ya bi diddigin yadda ake ba da bashi a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya gano cewa abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon masifar da ta sami mai bashi ko wanda ake bi, kuma har yau ana koyar da wannan aikin a manyan jami'o'in duniya. Ba ƙorafi muke yi ba, aikinsu mai inganci ne. Abin da ke damunmu shi ne, jikokin mutanen da aka yi wa waɗancan tambayoyin yanzu suna da digiri na biyu, kuma ba mu ga suna komawa waɗancan ƙauyukan da tambayoyinsu ba. Dorayin da Hill ta gani gonaki yau birni ya cinye ta. Wanda ya bi zuriyar waɗancan gidajen ya ga wa ya tsira, wa ya nutse, kuma ta wace hanya, ya samu aikin da kowace jami'a za ta saurara.

Ga kuma wani dalili na yanzu-yanzu. A 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, kuma zuwa Yulin shekarar an rufe hukumar USAID, aka mayar da abin da ya rage na ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Birtaniya, wadda ta rage kason tallafinta daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta sake saukar da shi zuwa 0.3 nan da 2027. Ƙungiyar OECD, mai tattara alƙaluman tallafin ƙasashe masu arziki, ta ce tallafin ƙasashe masu bayarwa ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100 tun a 2024. Shekara da shekaru masana suna tambayar ko tallafi yana amfani. Yanzu wata tambaya ta taso wadda ba a yi mata aiki sosai ba: me ke faruwa idan aka janye shi farat ɗaya? Wa ke ɗaukar nauyin asibitin tamowa idan ƙungiyar da ke kawo abincin yara ta tattara kayanta? Ina ma'aikatan sa-kai da ake ba alawus suke komawa? Gwamnatin jiha tana cike giɓin, ko dangi da masallaci da 'yan adashi ne suke cikewa? Amsar tana nan a Maiduguri, Gusau, Dutse da Maraɗi, kuma idan ba a tattara ta cikin shekara biyu zuwa uku ba, mutane za su manta da daki-dakin abin da ya faru.

Sai dai a sani, wannan raguwar ta shafi kuɗin bincike shi ma. Don haka a san ƙofofin da kyau.

Mu fara da gida. Malamin jami'a ko kwaleji na gwamnati yana da hanyar TETFund, amma daga farkon 2025 asusun ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu fita karatu waje, ya bar na cikin gida. Wannan ba ƙarshen zance ba ne. A ganinmu hanyar da ta fi dacewa da mai iyali, kuma ba a cika amfani da ita ba, ita ce mutum ya yi rajista a jami'ar gida, sannan ya nemi tallafin da zai fitar da shi na ɗan lokaci. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana da irin wannan tsari, inda ɗalibin da ya riga ya yi rajista a ƙasarsa zai yi har wata goma sha biyu a wata jami'ar Birtaniya, sharaɗin dai akwai alaƙar aiki tsakanin malaminsa na gida da na can. Shirin Fulbright a Najeriya ya saba kai matasan malamai masu karatun digiri na uku Amurka na zangon karatu na shekara guda, su yi bincike su dawo. Cibiyar UNU-WIDER ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Helsinki, wadda talauci da rashin daidaito su ne ainihin aikinta, tana karɓar ɗaliban digiri na uku na wata uku. Waɗannan duk ba sa karɓar wanda bai fara komai ba. Suna son wanda ya tattara bayanansa, yake neman ɗakin karatu da ƙwararren da zai zauna da shi a kan nazari.

A cikin nahiyar Afirka, ɗan tattalin arziki ya san AERC, ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988, take kuma gudanar da digiri na uku na haɗin gwiwa da jami'o'i da dama, har da ta Ibadan. Wanda ke ɓangaren zamantakewa da siyasa ya riƙa bibiyar CODESRIA, ƙungiyar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, wadda ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi da horo kan hanyoyin bincike. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, da ma duk wanda ke jin Faransanci, cibiyar LASDEL da ke Yamai ta cancanci a san ta. Masu bincikenta sun yi nazarin rabon kuɗin tallafi a ƙauyukan Nijar, suka nuna yadda kuɗin da aka ba mace yakan koma hannun miji, yadda ƙauye kan tattara abin da aka ba 'yan ƙalilan ya sake rabawa, da yadda zaɓen waɗanda za a ba yake haifar da zargi tsakanin maƙwabta. Irin wannan aikin na zama da mutane a saurare su ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, haƙuri da harshe yake buƙata.

Wanda ke son cikakken karatu a waje kuma, ya fahimci cewa tsarin ƙasashen ba ɗaya ba ne. A Ingila samun gurbi daban, samun kuɗi daban, kuma nan ne mutane da yawa suke cutuwa: wasiƙar karɓa ta zo, a yi murna, a sanar da dangi, sai a ga babu ko kwabo a tare da ita. Wuraren da suka yi suna a wannan fanni sun haɗa da cibiyar IDS da ke Sussex, wadda aka kafa a 1966, da Manchester, da SOAS a Landan, da Oxford inda cibiyar OPHI take, wadda ita ce ta tsara ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa da muka ambata. Cikakken tallafin Commonwealth yakan buɗe wajen Satumba ya rufe a Oktoba, kuma ba a nema kai tsaye kawai, sai an bi ta hukumar da ke gabatar da sunaye, wadda a Najeriya babbarta ita ce Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya. Dole ne kuma a haɗa da wasiƙar malamin da ya yarda zai duba aikin a can. Tun daga zangon 2021 tallafin ESRC, hukumar gwamnatin Birtaniya mai ba da kuɗin binciken tattalin arziki da zamantakewa, ya buɗe wa baƙi, amma kasonsu bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma kuɗin makarantar da yake biya na 'yan ƙasa ne, don haka a tambayi jami'ar a rubuce ko za ta yafe ragowar.

A Norway, Sweden, Denmark da Holand kuwa, sau da yawa digiri na uku aiki ne mai albashi. Farfesa ya samo kuɗin wani babban bincike, sai a tallata gurbi kamar yadda ake tallata kowane aiki, na shekara uku ko huɗu. Babu lokaci tsayayye, don haka sai an riƙa duba shafukan jami'o'in da shafukan tallan aiki irin su Jobbnorge da Euraxess kowane mako. A nan ba kai ne ka kawo batun ba, batun yana nan, aikinka ka nuna abin da za ka ƙara masa. Suna kuma tsananta dubawa ko digirinka na biyu yana da kundin bincike na gaske da sakamako mai kyau. A Jamus akwai DAAD, hukumar tallafin karatu, da cibiyar ZEF ta Jami'ar Bonn mai shirin digiri na uku da Turanci kan raya ƙasa, kuma tallafin DAAD na irin waɗannan kwasa-kwasai yakan nemi shaidar aikin shekara biyu. Amurka tana ɗaukar shekara biyar zuwa shida, shekara biyun farko darussa ne masu nauyin lissafi ga 'yan tattalin arziki, ana rufe nema galibi a Disamba.

Duk wanda ya ce a biya shi ya samo maka ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan damfara ne. Babu wakili a tsakani.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato daftarin bincike. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kawo fage a maimakon tambaya. "Tasirin tallafin ƙasashen waje wajen rage talauci a Najeriya" ba tambaya ba ce, taken taro ne. Wane tallafi? Na wa? A wace shekara? Idan ka ga talauci ya ragu ko ya ƙaru, ta yaya za ka raba hannun tallafi da na farashin mai, da fari, da 'yan bindiga? Najeriya ma ba ƙasa ce da tallafi ke da babban kaso a tattalin arzikinta ba, don haka jera alƙaluman shekara talatin a saka a kwamfuta a fitar da alaƙa ba zai gamsar da kowa ba. Mai tantancewa ya ga irin wannan ba adadi.

Kwatanta da wannan. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri a Jigawa da Zamfara da kuɗin Birtaniya, ta hannun Save the Children da Action Against Hunger, inda ake ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya kai shekara biyu, tare da wayar da kai kan ciyarwa. An zaɓi ƙauyukan ta hanyar ƙuri'a domin a iya kwatantawa, kuma binciken da aka yi ya nuna tsumburewar yara ta ragu. Yaran nan yanzu sun kai shekarun makaranta. Suna zuwa? Sun fi takwarorinsu karatu? Sana'o'in da iyayen suka fara da kuɗin sun ɗore bayan tashin farashi na 2023 da 2024? Wannan tambaya ce mai iyaka, mai wuri, mai lokaci, mai abin kwatantawa. Haka Pampaida ta ƙaramar hukumar Ikara a Kaduna, wadda aka sa cikin shirin yaƙi da talauci na Ƙauyukan Muradun Ƙarni a 2006: me ya rage a tsaye bayan an tafi, kuma wa ke kula da shi? Haka shirin ba gidaje naira 5,000 a wata, wanda aka tallafa da rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su: yaya aka shigar da sunaye a rajistar marasa ƙarfi, kuma waɗanda ƙauye ya sani a matsayin gajiyayyu su ne suka shiga? Ga zakka da waƙafi, waɗanda Kano da Sakkwato suke da hukumominsu. Kwatanta yadda hukumar zakka take gane mabuƙaci da yadda rajistar gwamnati take gane shi aiki ne da ɗan gida ya fi kowa iya yi.

Daftari mai kyau bai cika wuce kalma 1,500 zuwa 2,500 ba, sai in an faɗi wani adadi. A sakin layi na farko a ga tambayar. Sannan a nuna an karanta ayyuka goma zuwa goma sha biyar na kusa da batun, rabinsu na shekara biyar da suka wuce, a faɗi inda suka tsaya. Cewa "ba a taɓa yin wannan bincike a ƙaramar hukumarmu ba" ba giɓi ba ne, sai ka faɗi dalilin da zai sa amsar a wajenku ta bambanta. Rabin daftarin ya tafi a kan hanyar bincike: wa za a tambaya, mutum nawa, yaya za a zaɓe su, da me za a kwatanta, wata nawa, nawa za a kashe. A daina rubuta cewa za a haɗa ƙididdiga da hira alhali ba a faɗi abin da kowannensu zai amsa ba. A kuma guji shafin shawarwari ga gwamnati tun ba a yi binciken ba, domin yana nuna an riga an yanke hukunci.

Kafin a nemi kuɗin tattara sababbin bayanai, a taɓa waɗanda ke nan kyauta. Hukumar Ƙididdiga da Bankin Duniya suna bin gidaje kusan 5,000 tun 2010, an koma musu a 2012, 2015, 2018 da 2023, kuma ana sauke bayanan daga rumbun Bankin Duniya bayan rajista. Akwai binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019, wanda ya sa layin talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya kuma sami kashi 40.1 a ƙasa da shi, amma a lura ba a sa Borno a lissafin ba. Nijar tana da nata na 2011, 2014 da na baya-bayan nan. Domin sanin wa ya ba da nawa, a wane fanni, akwai rumbun OECD da na IATI, sai AidData ga mai bin kuɗin Sin. Ɗalibin da ya sa jadawali ɗaya da ya haɗa da hannunsa daga waɗannan a cikin daftarinsa ya riga ya wuce da yawa daga abokan takararsa. A kula da abu ɗaya: Bankin Duniya ya sauya layin talaucinsa daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana a Yunin 2025, don haka alƙaluman kafin da na bayan ba a jera su kai tsaye. Manhajar R ta nazarin alƙaluma kyauta ce, wata uku na koyo da gaske sun isa a fara. Mai son tarihi kuma ya nufi Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, inda rahotannin haraji da na gundumomi na zamanin Turawa suke.

Neman malami shi ne matakin da ake yi wa riƙon sakainar kashi. Wasiƙar da aka tura wa farfesa hamsin iri ɗaya, mai farawa da kirari da yabo, ba a amsa ta. A zaɓi mutum biyar zuwa takwas da aka karanta aikinsu da gaske. Wasiƙar kada ta wuce kalma 200: ga ni, ga tambayata, ga inda ta haɗu da maƙalarka ta shekara kaza, ga tallafin da zan nema da ranar rufewa, ga daftari na shafi biyu. Idan mako biyu ya wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya, sannan a wuce. Wannan ya kamata a fara shi tun Mayu ko Yuni ga mai son shiga a Oktoban shekara mai zuwa, wato wata goma sha shida ko sha bakwai kafin lokaci. A wannan lokacin ne kuma za a nemi takardar sakamakon darussa daga tsohuwar jami'a, domin takan ɗauki watanni, kuma ta sa mutane da yawa sun rasa gurbi. Jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu take aiki, yawancin sassan nan suna neman maki 6.5 zuwa 7, kuma ɓangaren rubutu ne ya fi kayar da mutanenmu. Masu rubuta wasiƙar shaida a ba su mako shida da kwafin daftarin. Malamin da ya duba kundinka ya fi babban mutumin da bai san aikinka ba amfani nesa ba kusa ba. Maƙalun da aka biya kuɗi aka buga cikin mako guda a mujallun bogi kuwa, gara a cire su daga takardar bayanin kai, domin masu tantancewa sun san su, kuma suna rage daraja.

Mu tsaya kaɗan a kan aikin fili, domin a nan ne ɗan gida yake da fifiko, a nan ne kuma yake yin sakaci saboda yana ganin ya sani. Kalmar "talaka" ba ita ce abin da takardar tambayoyi take nufi ba. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, mai shanu ɗari ma zai ce maka shi talaka ne. Akwai matalauci, akwai gajiyayye, akwai mai rufin asiri, akwai wanda ake cewa yana da hali, kuma kowace kalma amsa daban za ta jawo. A fassara tambayoyin zuwa Hausa a rubuce, wani daban ya mayar da su Turanci a kwatanta, a gwada a gidaje ashirin zuwa talatin kafin a fara. Idan aka bar kowane mai tambaya ya fassara da ka, an yi bincike iri-iri ne ba ɗaya ba. "Gida" ma haka: gida ɗaya zai iya ƙunsar tukwane huɗu, wasu suna gandu tare amma kowa da girkinsa. A tsayar da ma'ana, galibi masu ci daga tukunya ɗaya, a riƙe ta har ƙarshe. Mudu da tiya da dami da buhu ba nauyinsu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka a tafi da sikeli a auna a kowace kasuwa. Shekaru kuma za ka ga sun taru a 30, 35, 40, sai an yi jerin abubuwan da garin ke tunawa da su, kamar naɗin hakimi ko shekarar wata yunwa, a riƙa kwatantawa. Gidajen da ake kulle ba a shiga sai da mata masu tambaya, kuma a nan ne sana'ar mata take, ƙuli-ƙuli da ƙosai da saƙa da adashi, wadda mai gida ko bai san yawanta ba ko ba zai faɗa ba.

Lokaci ma yana sauya amsa. Gidan da ka samu da rumbu cike a Nuwamba, a Yuli yana iya zama sau ɗaya ake ɗora tukunya. Watan azumi kuma yana sauya cin abinci gaba ɗaya. Idan za a kwatanta ƙauyuka, a zagaye su cikin makonni kaɗan, kuma in da hali a koma sau biyu, bayan girbi da tsakiyar damina. Babbar matsala ita ce, duk wanda ya shigo ƙauye da waya yana rubuta sunaye, an ɗauka rabon tallafi ya zo. Akuya za ta ɓace, babur ya zama na aro. A faɗa a gaban mai gari, a sake faɗa a kowane gida, cewa babu abin da za a raba, kada kuma a shigo cikin motar wata ƙungiya ko da kyauta ce. Kada a bar mai unguwa ya zaɓo gidajen. A lissafa gidajen duka, a zaɓa ta ƙuri'a.

Game da adadi, gida 384 da ake yawan ambatawa a matsayin adadin da ya isa bincike na zaɓen kai-tsaye ne daga jerin kowa da kowa. Idan ta ƙauyuka aka bi, maƙwabta suna kama da juna, sai adadin ya ninka ko ya fi. Ƙauye 40 da gida 15 kowanne ya fi ƙauye 6 da gida 100 kowanne ƙarfin hujja, duk da jimillar ɗaya ce. Tambayoyin da suka wuce awa ɗaya da rabi suna gajiyar da mutum ya fara amsa "a'a" don a gama. Mai tambaya ɗaya gida huɗu yake iya yi a rana da kyau, don haka mutum takwas za su gama gida 600 cikin kwanakin aiki kusan goma sha tara, ban da horo na kwana biyar da ranakun tafiya. Manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, amma a duba abin da aka tura kowane dare, a sake ziyartar gida ɗaya cikin goma domin tabbatarwa. A kasafin kuɗi a bar rarar kashi 20 saboda farashin mai.

Sai izini da tsaro. Ana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, idan kuma aikin ya taɓa lafiya ko yara, har da na ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma wannan kan ci wata biyu zuwa uku. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi sunaye da lambobin wayar da aka tattara. Jami'o'in Turai da yawa ba sa barin ɗalibinsu ya je yankin da gwamnatinsu ta yi gargaɗi a kai, ko da garinsu ne, saboda inshora. Mai son aiki a dazukan Zamfara ko Katsina ko gefen Tafkin Chadi ya rubuta mafita ta biyu tun a daftari, misali hira da waɗanda suka gudo zuwa manyan garuruwa, ko bibiya ta waya. Kada kuma a tura masu tambaya inda shi mai binciken ba zai taka ba.

Roƙonmu gare ka, Edita, guda biyu ne. Ka ware ɗan fili kowane watan Yuni da Satumba a riƙa buga ranakun buɗewa da rufewar waɗannan guraben da Hausa, bayan an tabbatar da su daga shafukan hukumomin kansu, domin sharuɗɗan suna sauyawa duk shekara. Sannan ka buɗe shafi ga waɗanda suka kammala, kowa ya taƙaita abin da ya gano cikin kalma 800 da Hausa, ta yadda mutanen ƙauyen da suka ba da awa biyu na lokacinsu suna amsa tambayoyi za su ji abin da aka yi da amsoshinsu.

Wassalam.

Naka,
Wasu malaman jami'a masu duba ɗaliban digiri na uku,
Kano da Zariya